Kuɗin karatun injiniyan kare gobara: abinda na gani kafin in tattara kayana

Duk wanda ya turo min saƙo yana tambaya wai "Yaya dan Allah ya ake samun sikolashif na karatun gobara a Amurka", abu ɗaya nake fara gaya masa, yawancin kuɗin da ke yawo a fannin nan ba sikolashif bane. Kuɗin bincike ne da wani farfesa ya nemo da sunansa daga wata hukuma ko kamfani, akwai ranar da aka fara biya akwai ranar da za'a rufe asusun, kai ɗalibi layi ɗaya ne kawai a cikin kasafin. To ranar rufewar nan ita ce ba kowa ke faɗa maka ba. Yanzu da na miƙa makullin lab na karɓi takardar mastas, alhali digiri na uku ya kawo ni, inaga gara in rubuta ko na baya zasu tsira.

Fannin ƙarami ne sosai. A Amurka jami'ar Maryland da ke College Park tana da sashe guda na wannan karatun tun 1956, jami'ar WPI (Worcester Polytechnic Institute) a jihar Massachusetts ta fara mastas ɗinta a 1979, sai Cal Poly a Kalifoniya. A Turai akwai Lund a Suwidin, Edinburgh a Sikotland, Ghent a Beljiyam, can ƙasa kuma Canterbury a New Zealand. Ni ba a ko ɗaya daga cikin waɗannan nayi ba, a sashen makanikal na wata jami'a nayi, wajen wani farfesa mai binciken ƙonewar kayan ɗaki, kuma bazan kira sunan jami'ar ko nasa ba. Dalili kuwa ƙanƙantar fannin, kowa ya san kowa, taro ɗaya suke zuwa, su ke duba takardun juna, wanda ka ɓata da shi yau gobe shi za'a bugawa waya a tambaya ya aikinka yake.

Da muka yi magana ta bidiyo kafin in taho, mutumin nan cewa yayi kar in damu da kuɗi, shi ɗalibinsa bai taɓa kwana da yunwa ba. Takardar da jami'a ta aiko kuma shekara ɗaya ta rubuta, mataimakin bincike, an yafe kuɗin makaranta, alawus na wata tara, sannan a ƙasa da ƙananan baƙi wai za'a sabunta idan akwai kuɗi kuma idan aiki ya gamsar. Na tambaye shi kan wannan layin, yace ai haka ake rubutawa kowa. Gaskiya ya faɗa, haka ake rubutawa kowa, abinda bai faɗa ba shine kuɗin da zai biya ni da shi saura shekara biyu ya ƙare, digiri na uku kuwa a injiniya da wuya ka gama shi ƙasa da huɗu ko biyar.

Aikin kansa bani da ƙorafi akansa, wallahi ina sonsa har yanzu. Katifar soso, labule, robar kujera, mu yanka ɗan murabba'i mai santimita 10 mu saka a kon kalorimita, na'urar ta gasa shi daga sama ya kama, ita kuma tana auna iskar oksijin da wutar ke ci, daga nan ake lissafa yawan zafin da ya fita. Duk wanda ya ga yadda soso ke ci cikin daƙiƙoƙi bazai ƙara mamakin gobarar kasuwa ba. Ni dama gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris 2016 ce ta sa na fara tunanin fannin, ganin mutane sun wayi gari ba jari.

Bazarar shekara ta biyu ita ce matsalar. Alawus wata tara ne, daga Yuni zuwa Agusta babu ko sisi sai in malaminka ya ga dama ya biya ka daga kuɗin bincikensa. Ya kira ni ofis yace asusu ya yi ƙasa, amma yana rubuta sabuwar takardar neman kuɗi, in na daure na yi masa gwaje-gwajen share fage a wannan hutun, da zarar an amince ni ne na farko akai, har shekara uku. A lokacin wani kamfanin masu tsara kariyar gobara a gine-gine ya bani gurbin koyon aiki na hutun da albashi mai kyau, doka ma ta yarda, ɗalibin da ya cika shekara ɗaya akan bizar ɗalibai ta F-1 yana iya yin irin wannan aikin ta hanyar da suke kira CPT. Farfesa yace in na tafi bai san wa zai yi gwajin ba, kuma shi baya son ɗalibi mai raba hankali biyu. Na fahimci abinda yake nufi. Na zauna, na ƙona soso wata uku kyauta, shinkafa da wake da taliyar leda.

Kuɗin ya fito. Ranar da ya faɗa min, a tsaye a bakin ƙofar lab ko zama bai yi ba, yace albishir an amince, sai dai masu bada kuɗin sun sa sharaɗin ɗan ƙasa kawai zai taɓa aikin, saboda haka wani yaro da ya ɗauka sabo shi zai hau kai. Nace Farfesa yaushe aka sa wannan sharaɗin. Yace tun farko yana cikin sanarwar, ya ɗauka na sani. Ta ina zan sani, ni da ban taɓa ganin sanarwar ba, jadawalin sakamako kawai ake karɓa a hannuna? Ba ƙarewar kuɗi ce tayi min ciwo ba, kuɗi dama yana ƙarewa, kuma sharaɗin ɗan ƙasa ba shi ya ƙirƙiro ba, aikin da ya shafi tsaro haka yake. Abinda har yau in na tuna nake jin ɗaci a wuya shine ya sani tun watan Mayu, ya kalli idona ya hana ni tafiya inda za'a biya ni. A gidanmu an koya mana alkawari kaya ne, shi a wajensa dabarar gudanar da lab ce. Da takardar binciken ta fito sunana na can ƙasa wajen godiya, tare da mai gyaran na'ura.

Abinda mutanen gida basa ganewa shine a wajen ɗalibin waje kuɗi da biza igiya ɗaya ce. Takardar I-20, wadda jami'a ke ba ɗalibin waje don neman biza, tana nuna daga ina kuɗinka zai fito, dole ka yi rajistar cikakken zango ko ka faɗi daga matsayinka, kuma in aka cire ka daga aikin mataimaki ba alawus kaɗai ya tafi ba, yafiyar kuɗin makaranta ta tafi, inshorar lafiya ma a wurare da yawa ta bi su. Aiki a wajen makaranta ba da izini ba haramun ne a dokarsu, a ciki kuma awa 20 a sati ne iyaka lokacin karatu. Ɗan ƙasa in malaminsa ya yi masa haka sai ya ci bashin gwamnati ko ya kama aiki a gari ya jira zango na gaba. Kai baka da wannan, kuma malamin ya san baka da shi. Zaman ɗan haya ne wanda ba takarda tsakaninsa da mai gida.

Sannan lokacin ya zo daidai da sakin naira. A watan Yuni 2023 Babban Banki ya saki farashi, dala a hukumance ta tashi daga wajen 460 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta wuce 1,500. Baba yace zai sayar da fili, nace Baba kar ka soma, filin gaba ɗaya bazai biya rabin zango ba. Wadda ta cece ni matar da ke kula da harkokin ɗaliban gaba da digiri a sashen ce, ba farfesa bace, ma'aikaciyar ofis ce da ta daɗe a wurin. An riga an rabe guraben mataimakan malamai amma ta san wani zai janye, ta saka ni a lab ɗin 'yan aji biyu na ilimin zafi da makamashi. Ita ce ta bani shawara in juya abinda na tara ya zama mastas in fita da mutuncina. Allah ya saka mata. Ku san irin waɗannan matan tun satin farko, ku gaishe su, sun fi shugaban sashe sanin inda kuɗi yake kwance.

To ga mai shirin tahowa. Kafin ka ce na yarda, tambayi malamin a rubuce ta imel, wane kuɗi ne zai biya ni, yaushe zai ƙare, bazara tana ciki ko babu, in ya ƙare sashe zai ɗauke ni aikin koyarwa ko kuwa. Wanda ya ji haushin tambayar ya riga ya baka amsa. Kar kuma a gaggauta ka, yawancin jami'o'in Amurka sun sa hannu a yarjejeniyar da ta ba ɗalibi har 15 ga Afrilu kafin ya amsa tayin da ke da kuɗi. Ka nemi ɗalibansa na da, waɗanda suka bar wajensa, ba na yanzu ba, na yanzu bakinsu a ɗaure yake kamar yadda nawa yake a da.

Ni a ganina aikin mataimakin malami yafi na bincike kwanciyar hankali a shekarar farko duk da ana raina shi, saboda sashe ne ke biya ba mutum ɗaya ba, in ka ga ba alheri zaka iya canza malami. Wahalarsa duba takardun yara har dare, wasu jami'o'in kuma sai sun gwada Turancin bakinka tukunna.

Ka kuma duba daga ina kuɗin malamin ke zuwa. NIST, hukumar awo da fasaha ta gwamnatin Amurka da ke Gaithersburg, tana bada kuɗin binciken gobara, FEMA, hukumar agajin gaggawa, tana da na bincike kan lafiyar 'yan kwana-kwana, akwai kamfanin inshora na FM mai katafaren filin gwajin wuta a Rhode Island, akwai cibiyar binciken gobara ta UL masu gwajin amincin kaya, akwai gidauniyar bincike ta NFPA, ƙungiyar kare gobara ta Amurka. Ka karanta sanarwar da kanka, ka nemo layin da ke maganar ɗan ƙasa. Babban tallafin NSF, hukumar tallafa wa kimiyya ta gwamnatin Amurka, na ɗaliban gaba da digiri, wanda kowa ke yabo, na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin, kar ka ɓata daren ka akansa.

Ƙananan kuɗi suna nan kuma mutane basa nema. Gidauniyar SFPE, ƙungiyar injiniyoyin kare gobara, tana bada tallafin binciken ɗalibai, rassan ƙungiyar na garuruwa suma suna da nasu, wani lokacin masu nema basu da yawa. Lokacin da nake dubawa NFPA tana da sikolashif mai sunan Jablonsky da kuma wani mai sunan Gratz wanda aka ware wa masu karatu a wajen Amurka. Ba zasu biya maka makaranta ba amma zasu iya riƙe ka bazara ɗaya, da ina da ɗaya a hannu da ba haka zancen ofis ɗin nan ya ƙare ba.

Wanda mastas kawai yake so, gaskiya Amurka ba ita ce ta farko ba, malamai sun fi son kashe kuɗinsu kan mai digiri na uku da zai daɗe yana musu aiki. Ka duba IMFSE, mastas ɗin haɗin gwiwa da Ghent da Lund da Edinburgh suka fara a 2010, shekara biyu kana zagaya jami'o'in, in an buɗe gurbin Erasmus Mundus, sikolashif na Tarayyar Turai, a shekarar da kake nema yuro 1,400 ne a wata kuma kuɗin naka ne ba na wani farfesa ba. Chevening, sikolashif na gwamnatin Birtaniya, tana biyan mastas na shekara ɗaya a Birtaniya amma sai kana da shekara biyu na aiki, kuma zaka dawo gida ka yi shekara biyu. Tun bayan gobarar benen Grenfell na Landan a 2017 da ta ci mutum 72 Birtaniya ke neman injiniyoyin wuta ido rufe. PTDF, asusun gwamnatin Najeriya, ta mai da gas ce, in zaka nema ka jingina bincikenka da gobarar matatu da rijiyoyin cikin teku, labarin gobarar dandalin haƙar mai na Piper Alpha a tekun Birtaniya a 1988 da mutum 167 suka mutu duk mai tantancewa a harkar mai ya san shi. TETFund ta malaman manyan makarantun gwamnati ce, kuma ta dakatar da tura mutane waje daga farkon 2025. Alkawarin gwamnatin jiha kuwa, in kuɗin bai shiga asusun makaranta ba kar ka sayi tikiti.

Ka koyi FDS tun kana gida, manhajar kwaikwayon gobara ce ta NIST, kyauta ake sauke ta, ka kwaikwayi wuta a layin shaguna guda ka haɗa da imel ɗinka, yafi dogon bayanin cewa kana da sha'awa. Ka ajiye kwafin duk sakamakon da ka fitar da kwanan wata. Maganar wa sunansa zai fito a takarda a gama ta kafin a kunna na'ura.

Kamfanin da na ƙi zuwa wancan hutun su suka ɗauke ni yanzu, akan izinin aiki na bayan kammala karatu da suke kira OPT, wata 12 da ƙarin 24 na masu fannin kimiyya da injiniya. Lissafin fitar hayaƙi da hanyoyin tsira nake yi a asibitoci da manyan rumbunan kaya, kuma a cikin yarjejeniyar ɗaukar aikin akwai cewa zasu biya wani ɓangare na kuɗin makaranta in na koma karatu da yamma. Wannan ma hanya ce, WPI da Maryland da Cal Poly duk suna da mastas ta intanet kuma da yawa daga masu yinta kamfanoninsu ke biya. Na sa an rubuta min adadin a takarda kafin in sa hannu, manajan yana ta dariya wai bai taɓa ganin sabon ma'aikaci mai karanta ƙananan baƙi haka ba.