Warin fetur a tsohuwar Starlet ɗina

Sati biyu ina fama da warin fetur cikin motar nan, duk wanda na ɗauka daga Garwa zuwa Pitoa sai ya sauke gilashi, uwargida ma tace kanta ciwo yake. Da farko na ɗora laifin kan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da nake saye a kwalba bakin titi, na canza murfin tanki, a banza. Bakanike ya duba kafireta yace lafiya lau. Sai da muka ɗaga kujerar baya muka ga tiyon da ya fito daga tanki ya tsattsage, zafin Afrilu ya busar da robar, in ka taɓa hannu sai ya jiƙe. Guntun tiyo da kilif biyu, sefa 2000, shikenan fa. Ni da nake kunna sigari a ciki, Allah ne dai ya tsare.