Tambayar da ba ta cikin takardarmu

Shekara biyu na yi ina bin ƙauyukan Jigawa da 'yar na'urar tattara bayanai a hannu, ina shiga gidajen da namiji ba ya shiga. Aikina in zauna da matan da ake ba tallafin kuɗi duk wata, in ji yadda suka kashe shi. Kuɗin ba bashi ba ne, ba a kuma gindaya wa kowa sharaɗi ba: a miƙa wa mace, ta yi abin da ta ga ya fi mata. Namu ƙaramin shiri ne, ya bi sawun wanda ƙungiyoyin agaji na Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar da kuɗin gwamnatin Birtaniya a Buji, Gagarawa da Kirikasamma, da kuma Anka da Tsafe a Zamfara, inda aka fara ba mai juna biyu naira 3,500 a wata har ɗanta ya cika shekara biyu.

Na shiga aikin da maganar birni a kunnena. Ana cewa abin da ba a sha wuyarsa ba a banza yake tafiya, maigida zai karɓe ya ƙara aure, ko ya ƙare a anko da gudummawar biki. Na ga gidan da hakan ta faru, kuma ta yi mini ciwo. Amma a yawancin gidajen da na shiga, amsar ɗaya ce har na haddace ta: gero, wake, manja, daddawa, sabulu, maganin zazzaɓi, wani lokaci ƙwai ko busasshen kifi don mai shayarwa.

Wata dattijuwa ce ta nuna mini cewa tambayar tawa ma ba ta kai ga tushen maganar ba. Ita ke riƙon jikoki uku tare da surukarta, wadda sunanta ke cikin jerin masu karɓa. A watan Agusta ne, an kwana ana ruwa, tsakar gidan duk taɓo. Na zauna a kan turmin da aka kifa, na ce, "Inna, me kuka saya da kuɗin watan jiya?" Ta lissafa mini, ina dannawa. Da na gama sai ta ce, "'Yar nan, kullum abin da muka saya kike tambaya. Ba ki taɓa tambayar abin da ba mu sayar ba." Ta nuna mini akuya ja a ɗaure a turke, cikinta ya yi nauyi. Ta ce bara war haka da tuni an kai akuyar kasuwa, ɗanta kuma yana gonar wani.

Sai da na sake bin gidaje da wannan tambayar na gane yadda talaucin manomi yake juyawa da shekara. Da kaka hatsi ya yi araha, a lokacin ne yake fitar da shi don ya biya bashi, ya yi wa yara sutura. Kafin damina ta raba, rumbu ya yi ƙasa, farashi ya hau. Daidai lokacin ne gona ke neman noman fari da maimai, daidai lokacin ne kuma zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Magidanci ya tashi babu na tuwon dare, dole ya ɗauki fartanya ya tafi ƙwadago, tasa gonar ciyawa na cinye ta. Ko ya ci bashin hatsi ya biya da ƙari mai nauyi da kaka. Ko a kai akuya kasuwa a lokacin da kowa ke kai tasa, a saye ta a wulaƙance. Ya tsira da abincin mako, ya rasa amfanin shekara mai zuwa. Ɗan kuɗin nan bai mai da kowa mai arziki ba, amma yakan tare wannan gangarar. Mutum ya yi kwana biyar a gonarsa maimakon ta wani, kuma bambancin yana fitowa a yawan damin da zai ɗaure.

Takardarmu ba ta da gurbin rubuta wannan. An tsara ta don ƙirga abin da ya faru, alhali babban amfanin yana cikin abin da aka samu ikon hanawa. Na koma rubuta irin waɗannan amsoshi a bayan littafina, ina karanta su a taron ofis.

Wani abin da na koya shi ne sanin ranar zuwan kuɗin ya kusa kai kuɗin kansa daraja. Macen da ta tabbata za ta karɓa a ƙarshen wata tana iya shiga adashi, don ta san ba za ta ji kunyar zubi ba. Da kwasar adashin wata ta sayi gyaɗa ta koma yin ƙuli-ƙuli da mai. Mai shagon ƙauye ma yakan ba ta sabulu da gishiri bashi ba tare da ɗaure fuska ba. Na ga matan da a da ba sa ɗaga kai idan ana shawarar cefane, suka koma maigida na tambayarsu, "Me kika gani?"

Ban manta da waɗanda ba a rubuta ba. Katangar zana ce kawai tsakanin mai karɓa da maƙwabciyarta, kuma yunwarsu ɗaya. Sau da yawa in na fito, wata za ta tare ni a zaure ta ce, "Malama, mu laifin me muka yi?" Ba ni da amsar da za ta gamsar da ni kaina, balle ita. Ga kuma tsada. Naira 5,000 da gwamnatin tarayya ta fara ba gidaje a wata a 2016 ta zo ta kasa sayen rabin abin da take saye a da, musamman bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Adadin da ba a ɗaga shi yana bin farashin tiya, a hankali yake zama suna kawai.

A damina ta biyu kuɗin ya makara wata uku. An ce mana matsalar takardu ce daga sama. Mu da ke ƙasa mu ne muka shiga gidaje muna ba da haƙuri. Adashi biyu sun watse a ƙauye ɗaya, har aka yi kwanaki wasu ba sa gaisawa. Da na isa gidan dattijuwar nan, turken yana nan, igiyar na yashe a ƙasa. Ƙaramin jikan ya kwanta asibiti kwana shida, an sayar da akuyar da 'ya'yanta biyu. Ba ta yi mini ƙorafi ba. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta tambayi mutanen gida, sannan ta ce, "'Yar nan, faɗa mini gaskiya, zai zo ko mu cire rai? In na sani, zan san yadda zan yi da yaran nan." Na ce mata an ce ƙarshen wata. Ta gyaɗa kai, ta sunkuya ta ɗauke igiyar ta rataye a jikin rumbu.