Lasisin zanen gini da komawa karatu a Birtaniya

Na daɗe ina ɗaukar cewa mai zanen gine-gine idan ya sami lasisi, karatu ya ƙare, sai aiki. Abin da ya faru a Birtaniya ne ya sa na sauya tunani. A ranar 14 ga Yunin 2017 gobara ta cinye dogon benen Grenfell mai hawa 24 a Landan, mutum 72 suka rasa rayukansu, kuma bincike ya nuna cewa fallayen da aka lulluɓe bangon waje da su, waɗanda ke da roba mai cin wuta a tsakiyarsu, su ne suka kai wutar sama cikin ɗan lokaci.

Sakamakon wannan gobara, dokar kiyaye lafiyar gine-gine ta 2022 ta bai wa hukumar rajistar masu zanen gine-gine, wato ARB, ikon bibiyar ƙwarewar waɗanda ta yi wa rajista, kuma daga 2024 wajibi ne kowannensu ya rubuta abin da ya koya a shekara, musamman kan kariya daga gobara da kula da muhalli. Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Birtaniya kuwa, wato RIBA, tun tuni take neman sa'o'i 35 na ƙarin karatu a shekara daga mambobinta.

Ni tsarin ARB ya fi kwanta mini, domin ba ya ƙirga sa'o'i. Mutum na iya zaman sa'o'i 35 a zauren lacca yana gyangyaɗi. Abin da hukumar ke tambaya shi ne me ka koya, kuma yaya ya shafi zanen da ke gabanka.