Abin da gonar nan ta koya min

Jiya na miƙa makullan sito na bar aiki, bayan shekara 4 ina kula da leburori a gonar nan ta wajen Balanga, waɗanda muka yi aiki tare sun san wadda nake nufi. Ana ta tambayata me na koya, wallahi abin da yake fara faɗo min a rai shi ne ranar da kububuwa ta sari wani yaro cikin leburorinmu lokacin cirar gyaɗa.

Harawa ya zo ɗagawa, ba safar hannu, ƙafa silifas, sai ta same shi a yatsa. Ni da kaina na ciro igiyar buhu na ɗaure masa hannu tamau, wani ya kawo reza muka tsaga wurin, aka kira mai magani daga ƙauye ya barbaɗa masa gari. Yaron na cewa "Oga ba komai, zafin ya ragu", ni kuma na yarda na bar shi kwance a gindin darbejiya. Sai bayan la'asar na ga yana tofar da yawu ja, dasashinsa na jini, wurin da muka tsaga ma ya ƙi tsayawa, nan jikina ya yi sanyi. Muka ɗora shi a mashin sai asibitin Kaltungo. Nas ta ɗebi jininsa ta zuba a ƴar kwalba ta ajiye minti 20, da ta karkata kwalbar jinin na nan tsululu bai daskare ba. Ashe aikin dafin kububuwa ke nan, hana jini daskarewa, wato tsagar da muka yi ƙofa muka buɗe masa. Aka yi masa allurar kashe dafi, Allah ya sa da sauran kwana. Da likita ya ce "Malam, wa ya ɗaure hannun nan?" kasa ɗaga kai na yi.

Laifin ɗauri da tsaga da ɓata lokaci nawa ne, na ɗauka. Amma tun farkon damina sau uku ina rubuta wa manaja a sayo takalman roba da safar hannu yana cewa ba kuɗi, sai ga shi a mitin gaban kowa ya ce sakacina ne, har ya yanke min albashin watan. Wannan kam har yau tana ci min rai.

Sauran abubuwan da na koya ƙanana ne, a bugi tarin harawa da sanda kafin a sa hannu, kar a fita da dare ba tocila, duk takardar da ka kai ofis ka riƙe kwafi. Tun daga wannan ranar, sara biyu aka ƙara yi a hannuna, duka kafin awa biyu muna asibiti, ba ɗauri ba reza.

Wanda zai gaje ni, kwafin takardun nan uku suna durowar ƙasa. Takalman har yau ba su zo ba, ga kaka ta ƙarato, don Allah ka matsa musu.