Cikin da ba a haifa ba

Akwai wata 'yar kawuna, Yaya muke ce mata, ta fi shekara tana cewa ciki gare ta, alhali aurenta ya mutu kusan shekara uku kafin nan. Da ma tana da ciwon ƙwaƙwalwar nan da likitoci ke kira sikizofireniya, wanda a 2022 hukumar lafiya ta duniya ta ce yana kama kamar mutum 1 cikin 300, kuma tana shan magani, risperidone, muryoyin da take ji ma sun lafa sosai har an fara murna. Sai kuma wannan maganar ta ɓullo.

Wallahi in ka gan ta sai ka tausaya, ta sayi zanin goyo, ta ɗinka 'yan riguna ƙanana ta jera a akwati, in za ta tashi sai ta dafa ƙugu. An yi awon fitsari babu komai, an yi sikanin har sau biyu babu komai, ta ce ai yaron ne ke ɓuya in ya ji na'ura. Abun da ya fi rikita mu shi ne al'adarta ta ɗauke da gaske kuma nononta na kawo ruwa, to da wane baki za ka ce mata ƙarya ne?

Mu kuma muka yi shiru, kunya. Bazawara da maganar ciki, kun dai san bakin unguwa. Duk ranar asibiti Inna ce ke raka ta, likita ya tambaya ya jiki, a ce da sauƙi, a karɓo magani a dawo, wata da watanni a haka.

Ranar da Inna ta daure ta faɗa, likitan ko gezau, ya ce da ma tun farko aka gaya masa. Ashe risperidone da irin su haloperidol suna ɗaga wani sinadari a jini, prolactin, shi ne mai sa nono ya kawo ruwa bayan haihuwa, in ya yi yawa kuma sai haila ta tsaya. Kenan ciwon ya kawo tunanin, maganin kuma yana ba ta shaida a jikinta. Aka ɗebi jini aka auna, aka sauya mata zuwa aripiprazole a hankali, shi bai cika ɗaga sinadarin ba. Ya kuma ja mana kunne kar mu riƙa musu da ita, kar kuma mu ce eh ciki ne don a zauna lafiya.

Daga baya na gano ba wannan kaɗai ba ne irin tunanin da ciwon ƙwaƙwalwa ke kawowa. Akwai mai ganin wani babban mutum ya mutu a sonta, wani likitan Faransa de Clérambault ya yi bayaninsa tun 1921, har da labarin matar da ta yarda sarkin Ingila George na biyar na sonta, ta je ta tsaya gaban fadar Buckingham, in labule ya motsa ta ce saƙo ne yake aiko mata. Akwai mai cewa ana zuwa mata cikin dare, wanda a wajenmu nan take za a ce namijin dare ne, a yi ta hayaƙi shekaru ba wanda ya tuna da asibiti. Ban hana kowa addu'a ba, amma a haɗa da likita mana. Akwai mai jin gabansa na shigewa ciki, da mai zargin matarsa ba dalili, wannan kam har da haɗari. In an gwada magani biyu ba su yi ba sai a koma clozapine, shi kuma dole sai da gwajin jini a kai a kai.

Yaya dai bayan 'yan watanni al'adarta ta dawo, maganar ta riƙa raguwa har ta daina, ba ta taɓa cewa kuskure ta yi ba, mu ma ba mu tambaya ba. Da maƙwabciyarmu ta haihu ta ciro rigunan nan ta kai barka, zanin goyon ne kawai ta bari a ƙasan akwati.