Abin da sashen ƙodar yara ya koya mini game da gajiya

Wanda bai yi aiki a sashen ƙodar yara ba yakan ɗauka aikin kwana ne ke karya mu. Aikin kwana yana da nasa rabon, amma abin da ya fi cin rai shi ne majinyatanmu ba sa tafiya. Yaron da aka haifa da toshewar hanyar fitsari, ko ƙodar da ba ta ginu daidai ba, tun yana goye muke saninsa. Idan ta kai ga wankin ƙoda da inji, sau uku a mako za ka gan shi, kusan awa huɗu kowane zuwa, shekara da shekaru. Ka san jijiyar da ta fi sauƙin samu a hannunsa, ka san ya sha ruwan da aka hana shi a ɓoye tun kafin ya hau sikeli. Ranar da ya rasu, mutumin da ka sani ne ya rasu.

Yanzu da na kammala horo zan bar sashen, akwai maganar da ta tsaya mini a rai, kuma gara in faɗe ta saboda masu zuwa bayana.

Akwai wata yarinya da ake yi wa wankin ƙoda ta hanyar zuba ruwa a cikinta ta bututu, ta daɗe tana jiran dashen ƙoda. Ƙwayar cuta ta shiga ta bututun, ruwan da ke fitowa ya gurɓace, ta bi jini, cikin dare Allah Ya karɓi abarsa a hannuna. Da safe, kafin a fara zagayen duba majinyata, na sami babban likitanmu na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman alfarmar yinin yau. Ban runtsa ba, kuma rasuwar yarinyar nan ta taɓa ni ƙwarai." Bai amsa mini a keɓe ba. Sai da ɗalibai suka taru ya ce, "Likita, idan zuciyarki ba za ta ɗauka ba, akwai fannonin da ba a mutuwa a cikinsu. Mu a zamaninmu ba mu san hutu ba." Daga baya ya rubuta a takardar tantance ni cewa ba ni da juriya.

Na haɗiye, na yi zagayen. A watannin da suka biyo baya na zama irin likitan da yake so. Na daina tambayar yara labarin makaranta. Uwa ta tambaye ni me ya sa fuskar ɗanta ta kumbura tun da aka ɗora shi kan maganin prednisolone, tambayar da a da nake zama in amsa da haƙuri, sai in ji raina ya ɓaci. Na koma kiran yara da lambar gado. A daidai wannan lokacin ne ya fara yabona a gaban mutane, yana cewa na zama ƙwararriya. Wannan yabon ya fi waccan maganar yi mini ciwo har yau, domin abin da yake yabo shi ne mutuwar zuciyata.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali na gajiyar aiki, da ake kira burnout, a kundinta na rarraba cututtuka karo na 11. Ba ta kira shi cuta ba, ta ce abu ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki da aka bari ya daɗe ba a magance ba. Ta lissafa alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, nisanta zuciya daga aikin, da raguwar iya yin sa yadda ya kamata. Ta biyun ce ba a gane ta a asibiti, saboda daga waje kama take da natsuwa.

Ba don lalaci Amurka ta ƙayyade wa likitoci masu neman ƙwarewa awa 80 a mako a 2003 ba, ko Tarayyar Turai ta tsaya a matsakaicin awa 48. A fanninmu kusan kowane magani da nauyin yaro ake lissafa shi, sannan a sake daidaita shi da ƙarfin ƙodarsa. Idan sinadarin fotasiyam ya haura a jini da tsakar dare, 'yan mintuna ne tsakaninka da tsayawar zuciyar yaro. Wanda ya kwana a tsaye bai kamata a bar shi da wannan lissafi ba, komai juriyarsa. Sai dai ƙayyade awa kaɗai ba ya isa, domin likitocin ƙodar yara ba su da yawa kusan ko'ina, wayarka ba ta daina ƙara ko ka bar asibiti.

Sauran darussan gajeru ne. Ka saurari ma'aikatan jinyar ɗakin wankin ƙoda, su ke fara ganin likita ya canza. Matashin da ya daina shan maganin kare ƙodar da aka dasa masa har ta lalace, ba gazawarka ba ce kai kaɗai. Kada ka miƙa wa wanda zai karɓe ka aiki a tsaitsaye.

Da na zama babba a cikin masu horo, duk ranar da muka yi rashi nakan tara ƙananan likitoci da nas-nas mu zauna na ɗan lokaci, a ambaci sunan yaron, wanda ya kwana a kansa kuma ya tafi gida. Babban likitan bai taɓa halarta ba, bai kuma gyara abin da ya rubuta a takardata ba. Wadda za ta gaje ni ta ce za ta ci gaba da zaman.