Nonon da Hajiya Babba ta bayar shekarar fari

Hajiya Babba, kakarmu ta wajen uba, ta rasu a gidanta da ke wajen Ƙofar Marusa bayan ta ga sarakunan Katsina huɗu. Takardar haihuwa kam babu, amma takan ce tana tallar fura lokacin da aka yi jana'izar Sarki Dikko, wato 1944. Ta ga Nagogo tun daga hawansa har rasuwarsa a 1981, ta ga Kabir Usman, ta kuma riski Abdulmumini. Da wannan lissafi muka tsayar cewa ta haura casa'in. A zaman makoki baffanninmu sun kwashe yini suna gardamar ko ta cika ɗari, sai ka ce shi ne abin da za a tambaye ta.

Shekarun ƙarshe na rayuwarta nakan ajiye waya a gefen tabarmarta in naɗi hirarta. Kowa a gidan labarin hawan sallah yake so, da na fam da sule kafin naira ta zo a 1973. Ita kuwa ba nan hankalinta yake ba. Ka tambaye ta sarki, ta ba ka amsa a taƙaice, ta koma kan wance ta haifi wane, wane ya yi riƙon wance, wa aka yaye a ɗakin wa. In ta shiga wannan, sai jikoki su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Tana daka goronta a ɗan turmi saboda haƙora sun ƙare, tana jero sunaye, wayar na ɗauka.

Bayan sadakar arba'in aka ce in tace muryoyin in tura wa dangi a WhatsApp. Baffa ya ce, "Ka cire surutun nan na haihuwa da yaye, ka bar mana tarihi." Ina cikin tacewar na ji ta tana cewa shekarar fari, shekarar da aka canja kuɗi, wata maƙwabciyarta ta kwanta ciwo bayan haihuwa, nono ya ɗauke, ita ta riƙa haɗa jaririn da autanta tana shayarwa har uwar ta miƙe. Ta faɗi sunan yaron, ta faɗi na ubansa, ta faɗi ƙauyen da suka koma wajen Batagarawa.

Wannan yaron shi ne mutumin da aka ba ƙanwata, ɗiyar Baffa, wadda ta fito daga gidan mijinta na fari. An sa rana, an kawo lefe, an yanka sadaki.

Wanda ya sha nonon mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, kowa ya san wannan, yana nan cikin suratun Nisa'i aya ta 23. Ke nan mutumin baffan yarinyar ne. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma ba sai an ƙirga sau biyar ba, tsotso ɗaya cikin shekarun shayarwa ya isa, balle wadda ta yi makonni tana bayarwa. Babu wanda ya sani a cikinmu. Manyan 'ya'yanta mata suna gidajen aure a lokacin, mazan kuwa ina ruwansu da abin da ake yi a ɗakin jego? Uwar yaron ta daɗe da rasuwa. Ita Hajiya da aka fara maganar auren jiki ya riga ya yi nauyi, aka ce kada a dame ta. Kada a dame ta! Ita kaɗai ce fa ya kamata a dama.

Muka kai wa malam muryar. Ya saurara sau da yawa, ya ce shedar mace ɗaya ba ta kai a raba aure da ita a gaban alƙali ba, amma tunda ba a ɗaura ba, a haƙura. Ya kawo hadisin sahabin da wata mata ta ce ta shayar da shi da matarsa, Annabi (SAW) ya ce ya rabu da ita. Daga baya wata tsohuwa a unguwar, ƙawar Hajiya, ta ce ai ta tuna, har zanen goyon yaron ta kwatanta.

Mayar da lefe ba ƙaramin abu ba ne. An riga an ɗinka wasu atamfofin, dole Baffa ya sayar da rago biyu ya cika. Dangin mutumin suka ɗauka raina su aka yi, har yau wata goggonsa ba ta amsa gaisuwarmu da kyau. Ƙanwata ta yi kuka, kuma ban ga laifinta ba, tana son sa.

In kana da tsohuwa a gida, ka bar ta ta yi surutunta, kada ka ja ta zuwa labarin sarakuna, wannan yana cikin littattafai. Ka tambaye ta kai tsaye: "Hajiya, wa da wa kika ba nono? Wa ya sha na kishiyarki? Wa ya sha na Inna?" Ka rubuta a takarda, ka karanta mata a gaban mata biyu manya, don kada gobe a ce shedar mutum ɗaya ce. Kada kuma ka bar muryar a waya kaɗai, waya na faɗawa ruwa.

Na koma na saurari sauran hirarrakin ba tare da na cire komai ba, na tarar da ƙarin yara uku da ta shayar, biyu suna raye da iyalansu a cikin gari. Baffa da kansa ya sa aka buga takardar, aka kai kowane gida. Mutumin nan kuwa ranar sallah ya zo gaisuwa, ya zauna a zaure cikin baffanni, ƙanwata ta ƙi fitowa.